Yadda Kirista Zai Tsara Addu'a, Hutu da Karatun Maganar Allah Don Ya Yi Girma Cikin Ruhu

A wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa (4:19), manzo Bulus ya ce musu yana sake shan zafin naƙuda saboda su har sai Almasihu ya siffatu a cikinsu. Mutanen da yake yi wa magana sun riga sun ba da gaskiya, an yi musu baftisma, suna taruwa suna sujada. Duk da haka yana ganin da sauran aiki, domin halin Almasihu bai gama fitowa a halinsu ba. Wannan aiki shi ake kira girma cikin ruhu: mai saurin fushi ya soma iya riƙe harshensa, mai yawan fargaba ya soma samun natsuwa, wanda ba ya yafiya zuciyarsa ta soma yin laushi.

Tun daga nan ina so mu fahimci juna a kan abu guda, ɗan'uwa, domin idan aka kuskure shi duk abin da zai biyo baya zai zame maka kaya. Ba kai ne za ka canza zuciyarka ba, Ruhu Mai Tsarki ne ke wannan aiki (2 Korintiyawa 3:18). Yesu ya ba da misalin mutumin da ya yafa iri a gona, yana kwana yana tashi, irin kuma yana tsiro yana girma, shi kansa bai san ta yaya ba (Markus 4:26-29). Rabonka shi ne ka riƙa kawo kanka inda Allah ke aiki, ko ka ji daɗi ko ba ka ji ba. Ba a sayen ƙaunar Allah da addu'a ko azumi; an riga an ba ka ita a kan gicciye. Ina cewa "ka" ne don sauƙin magana, amma 'yar'uwa, da ke ma nake.

Fara da lokacin kwanciya

Wasu za su yi mamakin a ce matakin farko barci ne. Duba abin da Allah ya yi da annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 19. Bayan karawarsa da annabawan Ba'al 450 a Dutsen Karmel, sarauniya Yezebel ta aiko masa da saƙon kisa. Ya gudu har Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Allah bai yi masa faɗa ba, sai ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya taɓa shi ya ce ya tashi ya ci, ga gurasa ga tulun ruwa a wajen kansa. Ya ci, ya sha, ya koma ya kwanta. Mala'ikan ya dawo karo na biyu ya sake ciyar da shi, domin tafiyar ta fi ƙarfinsa. Sai bayan kwana 40, a Dutsen Horeb, Allah ya tambaye shi abin da yake yi a can.

Da yawa daga cikin masu kukan cewa addu'arsu ta mutu, gajiya ce ke damunsu. Wanda ya kwanta ƙarfe ɗaya na dare ya tashi ƙarfe biyar don addu'a, gyangyaɗi zai yi a kan gwiwa, sa'an nan ya yini yana zargin kansa da raunin bangaskiya. Saboda haka a mako na farko kada ka ƙara wa kanka wata ibada. Zaɓi lokacin da kake so ka riƙa tashi, ka ƙirga sa'a bakwai ko takwas baya, wannan shi ne lokacin kwanciyarka. Ajiye waya inda hannunka ba zai kai ba daga kan gado. Zabura 127:2 ta ce banza ne mutum ya yi sammako ya kuma yi dare yana cin abincin wahala, domin Allah yana ba ƙaunataccensa barci. Ka kwanta da wannan aya a ranka.

Lokaci ɗaya, wuri ɗaya, kuma kaɗan

A mako na biyu sai ka tsayar da lokacin addu'a. Markus 1:35 ya nuna Yesu ya tashi da asussuba, gari bai waye ba, ya fita wurin da ba kowa yana addu'a. A daren da ya gabata kuwa mutanen Kafarnahum sun cika ƙofar gida da marasa lafiya. Da Bitrus da sauran suka same shi suka ce kowa na nemansa, sai ya ce su tafi garuruwan da ke gaba ya yi wa'azi a can ma. Ni a ganina, wanda ya fara tsayawa gaban Uba shi ne ke iya jin kiran jama'a ba tare da ya ruɗe ba.

Safiya ta fi dacewa da yawancin mutane, domin hayaniyar yini ba ta shiga kai ba tukuna. Amma ba doka ba ce. Mai aikin dare ko uwa mai jariri su nemi lokacin da hankalinsu ya fi kwanciya, ko da rana tsaka ne. Abin da ya fi muhimmanci shi ne lokacin ya zama sananne, kada ka riƙa yanke shawara a kansa kowace safiya.

Haka ma wuri. Yesu ya ce ka shiga ɗakinka ka rufe ƙofa (Matiyu 6:6). Idan ba ka da ɗakin kanka, kujera ɗaya ko lungu ɗaya ya isa. Ajiye Littafi Mai Tsarki na takarda a wurin, da ɗan littafin rubutu da biro. Na fi son na takarda saboda wayar da za ka buɗe don karanta aya ita ce za ta nuna maka saƙonni.

Fara da minti 15. Na san zuciya mai himma za ta raina wannan, za ta so sa'a guda. Sai dai wanda ya fara da sa'a guda yakan daina kafin wata ya ƙare, alhali sannu ba ta hana zuwa. Benedikt na Nursiya, wanda ya rubuta ƙa'idar rayuwa ga masu keɓe kansu don ibada a Italiya a ƙarni na 6, ya ce addu'a ta zama gajeriya mai tsabta, sai dai in alherin Allah ne ya motsa mutum ya tsawaita ta. Mutumin da rayuwarsa duka addu'a ce ya faɗi haka.

Abin da za ka yi idan ka zauna

Minti biyu na farko, yi shiru. Zauna sosai, ka ja numfashi a hankali, ka ce a zuciyarka, "Ga ni, ya Ubangiji." Tunani zai yi ta zuwa: bashin da ba a biya ba, maganar da wani ya faɗa maka jiya. Kada ka yi kokawa da shi. Idan abu ne da kake tsoron mantawa, rubuta shi a gefe, ka dawo.

Sa'an nan karanta Zabura ɗaya da murya, ko da ƙasa-ƙasa. Zabura 150 ne. In ka ɗauki ɗaya kullum, cikin wata biyar ka ƙure su. Bi su a jere, kada ka tsince masu daɗi kaɗai. Za ka haɗu da masu kuka, da masu fushi, da masu tambayar Allah "har yaushe?" kamar Zabura 13. Ranar da abin da ke cikin Zaburar bai yi daidai da halinka ba, yi addu'ar a madadin wanda ka san yana cikin wannan hali. Zabura 119 kaɗai ce za ka raba, tana da ayoyi 176, kashi 22 masu ayoyi takwas-takwas.

Bayan haka sai karatu, kuma a nan ne nake so mu daɗe, domin a nan yawancinmu ke gaggawa. Akwai karatun neman ilimi, mai bin tarihi da ma'anar kalmomi, yana da wurinsa. Wanda nake nufi a nan karatun sauraro ne. A ƙarni na 12, wani mai ibada a Faransa da ake kira Gigo na Biyu ya tsara shi hawa huɗu: karatu, bimbini, addu'a, da zama shiru a gaban Allah. Ɗauki Bisharar Markus, surori 16 ne, ka riƙa karanta labari ɗaya kullum, aya biyar zuwa goma.

Bari mu gwada da Markus 10:46-52. Karanta sau ɗaya a tsanake don ka san abin da ya faru. Yesu na fita daga Yariko da taro mai yawa. Wani makaho mai bara, Bartimawas, yana zaune a bakin hanya. Da ya ji Yesu Banazare ne, sai ya ɗaga murya yana kiran Ɗan Dawuda ya ji tausayinsa. Mutane suka kwaɓe shi ya yi shiru, shi kuwa ya ƙara ɗaga murya. Yesu ya tsaya ya ce a kira shi. Ya yar da mayafinsa, ya yi wuf ya zo. Yesu ya tambaye shi me yake so ya yi masa. Ya ce yana so ya gani.

Yanzu karanta karo na biyu, a hankali fiye da na farko, ka lura da inda zuciyarka ta tsaya. Wataƙila a kan cewa Yesu ya tsaya ne, alhali yana kan hanyar Urushalima inda gicciye ke jiransa. Wataƙila a kan mayafin, wanda mai bara ba shi da abin da ya fi shi, amma ya yar. Ko kuma a kan tambayar: me kake so in yi maka? A ce tambayar ce ta kama ka. Tsaya a kanta, kada ka wuce. Maimaita ta sau da yawa. Wannan shi ne bimbini, abin da Zabura 1:2 ke nufi da tunani a kan shari'ar Ubangiji dare da rana. Za ka iya tunawa cewa a wannan sura, aya ta 36, Yesu ya yi wa Yakubu da Yahaya irin wannan tambaya, su kuma kujerun girma suka roƙa. To, kai fa? Da Yesu zai tsaya a gabanka yau ya tambaye ka, me za ka ce? Amsar farko da za ta zo bakinka ita ce wadda ka saba faɗa a taron addu'a. Ɗan jira, akwai wata a ƙarƙashinta. Mai yiwuwa ita ce, "Ina so in daina ƙin ɗan'uwana," ko "Ina so in daina jin tsoron gobe." Faɗa masa wannan kai tsaye, da kalmomin da kake magana da su kullum. Ka shiga hawa na uku ke nan.

Hawa na huɗu shi ne ka yi shiru minti ɗaya ko biyu bayan ka gama magana. Ba ka neman jin murya ko ganin wahayi, kana zaune ne kawai tare da wanda ka yi wa magana. Kafin ka tashi, rubuta jimla ɗaya a littafinka: ayar, da abin da ka roƙa. Idan wani tunani ya zo maka da ya saɓa wa koyarwar Littafi Mai Tsarki a fili, kada ka ɗauke shi maganar Allah. Idan kuma babbar shawara ce ta rayuwa, kai ta gaban dattijo mai tsoron Allah kafin ka yi aiki da ita.

Rufe da Addu'ar Ubangiji (Matiyu 6:9-13). Lokacin da almajiri ya roƙi Yesu ya koya musu addu'a, ita ya ba su (Luka 11:1-4). Wani tsohon rubutu na Kiristocin farko da ake kira Didake ya umarci masu bi su riƙa yin ta sau uku a rana. Haɗarinta shi ne haddar da muka yi mata, har baki na tafiya hankali na wani wuri. A 1535 Martin Luta, jagoran gyaran ikilisiya a Jamus, ya rubuta wa wanzaminsa wasiƙa yana koya masa addu'a. Ya nuna masa ya riƙa tsayawa a kan kowace jimla ta Addu'ar Ubangiji yana faɗaɗa ta da nasa kalmomi, ya kuma ba shi hanya mai zare huɗu ta yin addu'a da Dokoki Goma: koyarwa, godiya, furta zunubi, roƙo. Wannan hanya tana aiki a kan kowace aya. Ɗauki roƙon abincin yini. Me yake koya maka? Cewa daga hannun Allah kake ci, kuma na yau aka ce ka roƙa. Gode masa don abin da ka ci jiya. Furta yadda ka kwana kana lissafin shekara mai zuwa kamar ba ka da Uba. Sa'an nan roƙa wa kanka, da wanda ka san ba shi da na yau. A nan ne za ka kawo sunayen mutanen da kake yi wa addu'a. Raba su bisa ranakun mako don kada jerin ya yi tsawon da zai gajiyar da kai.

Tsakar rana da dare

Daniyel yana durƙusawa sau uku a rana, kuma bai fasa ba ko da aka kafa dokar hana shi (Daniyel 6:10). Bayan ka yi wata guda da addu'ar safiya, ƙara minti ɗaya da tsakar rana. Haɗa shi da abin da ba ka tsallakewa, kamar wanke hannu kafin cin abinci. Aya ɗaya ta isa. Yohanna Kasiyan, wanda ya zauna tare da masu ibada a hamadar Masar, ya rubuta a ƙarni na 5 cewa sun koya masa maimaita Zabura 70:1, roƙon Allah ya gaggauta kawo taimako. Wasu sun fi son addu'ar mai karɓar haraji a Luka 18:13, inda ya roƙi Allah ya yi masa jinƙai shi mai zunubi. Zaɓi ɗaya ka zauna a kanta. Sannu a hankali za ta riƙa zuwa bakinka da kanta lokacin da fushi ya taso ko tsoro ya kama ka.

Da dare kuma, minti biyar kafin kwanciya, yi bitar yini. Ignatiyus na Loyola, mutumin Sifen da ya rasu a 1556, ya koyar da wannan hanya, Kiristoci na ɗariƙu daban-daban kuma suna amfani da ita har yau. Fara da godiya, kuma ka ambaci abubuwa da sunansu. "Na gode da kome" ba ya taɓa zuciya kamar "na gode yaron nan ya ci abinci yau bayan zazzaɓin jiya." Sa'an nan roƙi Allah ya haskaka maka, kamar yadda Zabura 139:23-24 ke roƙo, domin in kai kaɗai ka duba kanka, ko dai ka wanke kanka sarai ko ka yanke wa kanka hukunci mai tsanani. Bi yinin daga safe zuwa dare. Ina ka ji kusancin Allah? Ina ka kauce? Za ka iya tuna cewa da yamma yarinyarka ta zo tana nuna maka abin da ta zana, ka ce "ya yi kyau" idonka na kan waya, ta tsaya kaɗan ta juya. Furta wannan, ka karɓi gafara bisa alkawarin 1 Yahaya 1:9, ka ƙudura abu ɗaya na gobe: za ka kira ta ta sake nuna maka. Idan akwai wanda ka ɓata wa rai kuma yana cikin gidan, je ka same shi kafin ka kwanta (Afisawa 4:26). Kada bitar ta wuce minti biyar zuwa bakwai. Mai yawan zargin kai ya tsawaita godiya ya gajarta sauran.

Ranar hutu

Wannan shi ne abin da muka fi sakaci da shi, har masu hidima a ikilisiya, wataƙila su ma sun fi kowa. A cikin Dokoki Goma, dokar hutu ta zo sau biyu da dalili biyu. A Fitowa 20:8-11 dalilin shi ne Allah ya huta a rana ta bakwai bayan halitta. A Maimaitawar Shari'a 5:12-15 dalilin shi ne Isra'ilawa sun yi bauta a Masar, Allah ya fisshe su. Bawa ba ya hutawa sai an ba shi izini. Wanda ya kasa ajiye aiki ko na yini ɗaya ya dace ya tambayi kansa wane ne ubangidansa. Fitowa 34:21 ta ƙara da cewa ko lokacin huɗa da girbi ne a huta, wato lokacin da aiki ya fi matsa wa manomi.

Labarin manna, abincin da Allah ya ba Isra'ilawa a jeji, a Fitowa 16 ya nuna inda wahalar take. An ba su ninki biyu a rana ta shida don su huta a ta bakwai, amma wasu suka fita nema duk da haka, ba su sami kome ba. Tsoro ne ya fitar da su, kuma shi ne ke sa mu buɗe saƙonnin aiki ranar hutu. Hutu na gaskiya gwajin bangaskiya ne: ka yarda Allah zai riƙe duniyarka sa'a 24 ba tare da hannunka ba.

Yawancin Kiristoci sun keɓe Lahadi, ranar tashin Almasihu, kuma tun zamanin manzanni suna taruwa a ranar farko ta mako (Ayyukan Manzanni 20:7). A shekara ta 321 ne sarki Kwanstantin ya mai da ita ranar hutu a dokar daular Roma. Wasu na kiyaye Asabar. Romawa 14:5-6 ta isa ta hana mu yanke wa juna hukunci a kan rana. Fasto, ma'aikaciyar jinya da duk wanda Lahadi ranar aikinsa ce, ya keɓe wata.

Ga yadda za ka yi. Shiri tun jajibere: gama wanki, sayayya da amsa saƙonnin da suka zama dole, ka sanar da waɗanda kuke aiki tare cewa gobe ba za a same ka ba sai da larura. Fara hutun da yamma da gajeriyar addu'a tare da mutanen gida, don kowa ya san an shiga. Ajiye aikin neman kuɗi da duk abin da ke sa ka lissafi. Kashe intanet na wasu sa'o'i. Je sujada, ka ci abinci tare da mutane ba gaggawa, ka yi barcin rana, ka taka da ƙafa, ka ziyarci mara lafiya. Yesu ya warkar a ranar hutu, ya kuma ce an yi ta domin mutum ne, ba mutum dominta ba (Markus 2:27), don haka kada ka mai da ita tarin "kada". Abu ɗaya kuma da ba na so a tsallake: dokar ta ambaci ɗa, 'ya, bara, baranya, baƙo, har dabbobi. Idan hutunka yana nufin matarka ko mai yi muku aiki za ta yini a tsaye, ba ka kiyaye ta ba tukuna. Raba aikin ko a rage shi. Wanda yini guda ya fi ƙarfinsa a yanzu ya fara da rabin yini.

Azumi da zumunci

Kada ka yi saurin shiga azumi. Bayan sauran matakan sun zauna maka, fara da barin abinci sau ɗaya a mako, ka ba addu'a lokacin, ka ba mabukaci abin da ka rage, kamar yadda Ishaya 58:6-7 ya nuna. Kada ka yi shela (Matiyu 6:16-18). Mai ciwon sukari, mai gyambon ciki, mai juna biyu da mai shayarwa su nemi shawarar likita, ko su yi azumin wani abu dabam.

Zumunci kuwa ba ya jira. Ibadar ɗaki ba ta maye gurbin taron masu bi, wa'azi da Jibin Ubangiji (Ibraniyawa 10:24-25). Nemi mutum ɗaya mai riƙe sirri, namiji ga namiji, mace ga mace, ku riƙa haɗuwa ko sau biyu a wata. Tambayi juna yadda addu'a ke tafiya, da inda aka faɗi, ku yi wa juna addu'a (Yakubu 5:16).

Idan abin ya bushe

Zai bushe, kuma gara ka sani tun yanzu. Akwai makonnin da za ka karanta ba ka ji kome ba, ka yi addu'a kamar da bango kake magana. Fara da duba abubuwa uku: kana barci isasshe? Akwai zunubin da kake ɓoyewa? Akwai wanda ka ƙi sulhu da shi (Matiyu 5:23-24)? Idan ka duba ba ka ga kome ba, ci gaba da zuwa a lokacinka. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, amma tana cikin Littafi Mai Tsarki, kuma addu'a ce. Ranar da kalmomi suka ƙare maka, karanta Zaburar ranar, ka yi Addu'ar Ubangiji, ka zauna shiru. Romawa 8:26 ta ce Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa. Amma idan baƙin ciki ya ɗauki makonni, ba barci, ba cin abinci, ko tunanin kashe kai ya shigo, je ka ga likita ka kuma gaya wa fastonka. Ciwon damuwa ciwo ne, neman magani kuma ba rashin bangaskiya ba ne.

Idan ka tsallake kwana uku ko mako guda, kada ka ce sai ka rama. Buɗe inda ka tsaya ka ci gaba.

Bayan wata uku zuwa shida, zauna ka karanta littafin rubutunka daga farko. Idan minti 15 sun soma yi maka kaɗan, ƙara biyar ko goma. Kada ka auna kanka da daɗin da kake ji a addu'a ko yawan surorin da ka karanta. Buɗe Galatiyawa 5:22-23, inda aka jera ƙauna, farin ciki, salama, haƙuri, kirki, nagarta, aminci, tawali'u da kamunkai, ka ba abokin addu'arka ko wanda kuke kwana gida ɗaya, ka tambaye shi wanne ya ga ya ƙaru a wurinka, wanne kuma har yanzu da saura. Idan ya ambaci wanda da saura, kada ka kare kanka. Rubuta shi, ka sa shi cikin roƙon safiya da bitar dare na watanni masu zuwa.